Ranar da Inna ta ci abinci a gaban surukinta

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Inna ta kai loma baki a gaban surukinta ba. A Korgom wannan ba abin yabo ba ne, kowace tsohuwa haka take. In mijin 'yarki ya zo, a zaure ake shimfiɗa masa tabarma, a kai masa fura da tuwo, a saki labule a bar shi shi kaɗai. Shi ba ya ci a gabanki, ke ba kya ci a gabansa. Ko ruwa Inna take sha aka ce ga shi nan tafe, sai ta dire moɗa ta goge baki. Gaisuwa ta bayan zana ake yi, shi a tsugune, ita ta kau da kai. In maganar mai tsawo ce sai a nemo wani ya tsaya tsakani, Inna ta ce, "Ce mishi kaza." Yana ji da kunnensa, amma sai an maimaita masa.

Na fara da wannan ne saboda wanda bai san mu ba, kada ya ce mene ne abin kuka don tsohuwa ta ci kifi.

Yayata ita ce 'yar farin Inna. Ta auri wani mutumin Attantane, lokacin yana ƙaramin ma'aikaci a Mayahi, siriri kamar kara, wandonsa na zuwa buro, wato ofis, ɗaya ne tak. Da cikinta ya tsufa aka maido ta gida goyon ciki, yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari. Shi ya so a kai ta Maraɗi kusa da likita, manya suka ce ba a taɓa yi ba, ya bar maganar. Ranar naƙuda yayata ta cije zane, ko uhum ba ta ce ba, don mai haihuwar fari ba ta kuka. Inna kuma ba ta shiga ɗakin ba, don uwa ba ta tsayawa a kan 'yar fari, maƙwabta ta tura. Babu wanda ya kira mijin. Wa zai ɗauki waya ya gaya wa suruki irin wannan magana? Yarinya ta faɗo lafiya, jini ya ƙi tsayawa. Kafin a ɗaura wa shanu amalanke a kama hanyar Tasawa, yayata ta cika. Ni lokacin ina can nesa ina karatun zama malama, ko gawa ban tarar ba.

Mijin ya zo zaman makoki, ya tsuguna bayan zana kamar kullum, ya ce Allah shi jiƙan ta. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Muka ce kai, wannan bawan Allah akwai haƙuri. Ashe ajiya ya yi.

Jaririyar a hannun Inna ya bar ta. Da nonon matar kawunmu da na akuya aka raya ta. A gado ɗaya suke kwana da Inna, a ƙwarya ɗaya suke shan fura, su wuni suna faɗa a kan ludayi kamar tsara. Inna da ba ta taɓa kama sunan 'yarta ba har 'yar ta koma ga Allah, sai ga ta tana ƙwala wa jika kira, "Ƙawata!", tun daga bakin rijiya. Duk abin da kunya ta hana ta yi wa uwar, a kan 'yar ta juye shi. Uban kuwa Allah ya buɗa masa. Ya koma Yamai, ya shiga harkar fiton kaya daga Kwatano, can wata ƙasa a bakin teku, ya sake aure, ya je Makka, ya yi tumbi. Ba zan yi masa ƙarya ba, kowace salla yana aiko wa yarinyar da kaya. Zuwa ne dai ba ya yi.

Shekarar da ta yi famfara, tana ajin farko a lakwal ɗin garin, makarantar boko ke nan, ya aiko da mota da direba, wai a ba shi ita ta yi bakans, dogon hutun damina, a Yamai. Inna ta yi mata kitso, ta ƙunsa mata lalle, ta raka ta har bakin mota tana yi mata tsiya, wai ta je ta ga birni ta dawo ta riƙa yi mana yanga. Damina ta wuce. Aka yanke gero, aka yi roron wake, lakwal ta buɗe, shiru. In na kira shi sai ya ce tana lafiya, tana barci, ta fita da ƙannenta. Ko sau ɗaya bai miƙa mata wayar ba.

Inna ta rame har zobenta ya fara zamewa. Ba ta kai ƙara wurin kowa ba, ta dai daina fita taɗi, kuma in yara suka taso daga lakwal sai ta shige ɗaka. Wata rana ina cikin aji a Tasawa, inda nake koyarwa, aka ce ana sallama da ni. Na fito na tarar da ita bakin ƙofa, ta sauko daga kabu-kabu, ita da ta rantse ba za ta taɓa hawa babur ba, ƙunshinta a ka.

Ta ce, "Nemi izni wurin diraktanku. Yamai za ki kai ni."

Mun san ba mu da hujja. 'Ya ta ubanta ce, ko gaban malam aka je ko gaban alƙali. Inna ba shari'a za ta yi ba, roƙo za ta yi: ya bar mata yarinyar ta ƙare ƙaramar lakwal a Korgom, in ta yi wayo ya ɗauki abarsa. Abin da ya kai mu ke nan.

Wuni muka yi cikin motar bis, ƙafafun Inna suka kumbura. Muka sauka gidan wata 'yar garinmu can bayan gari, na kira shi.

"A'a, matata!" in ji shi. Wasan da ke tsakanin mutum da ƙanwar matarsa ke nan, kuma rabon da ya yi mini shi tun yayata tana da rai. "Kun iso lahiya? Bon. Gobe da rana ku same ni otel, can za mu ci abinci." Ya faɗi sunan otel ɗin, irin wanda ko ni a tele kawai na san shi.

Na ce, "Yaya, da Inna hwa nake. Ba gida za mu zo mu gaishe ka ba?"

"Gida ana aiki. Otel ya hi."

"Yarinyar hwa, da ita za ka zo?"

"Ku dai zo."

Na gaya wa Inna yadda muka yi. Ta ce ai babban wuri ba ya rasa ɗakin mata, namu daban za a kai mana. Na ce mata ban ga alama ba. Ta ce ni yarinya ce, ɗan mutane ne, ya san abin da ya kamata.

Da safe ta ɗaura atamfarta ta zuwa suna, wadda ta sha zaman adaka har ta yi layi-layi, ta yafa farin mayafi. Ta ƙulle wa ƙawarta tsaraba, ƙuli-ƙuli da aya da goruba. A ƙofar otel masu gadi suka tura ƙullin cikin wata na'ura, suka kwance, suka shinshina, suka ce ba a shiga da abincin waje. Aka ajiye shi ƙasa gefen kwandon shara, Inna har da yi musu godiya. Da muka kai inda darduma ta fara ta tuɓe takalma ta riƙe a hannu. Na sa ta mayar, ta mayar tana harara ta kamar na sa ta taka sallaya.

Ɗakin cin abincin a sama yake. Bango ɗaya gilashi ne tun daga ƙasa har rufi, ana hango kogi da gada da masu kwale-kwale ƙanana can ƙasa. Sanyin wurin har cikin haƙori. Kowane tebur da farin ƙyalle, kowane mutum cokula a dama, cokula a hagu, da kofunan gilashi masu dogon wuya. Ga mutane cike, amma ba ka jin komai sai ƙarar cokali da wani siririn kiɗa da ban ga inda yake fitowa ba. Ni da nake taƙamar na yi lakwal sai da na ji ni baƙauya ce, balle Inna.

Yana can jikin gilashi cikin farar shadda, tare da wani abokin aikinsa, mutumin Mayahi, wanda na taɓa gani ranar ɗaurin auren yayata. Yarinyar ba ta nan. Idon Inna ya zagaye teburin, har ƙarƙashinsa ta leƙa. Abokin yana ganin ta ya zabura ya tsuguna ƙasa ya gaishe ta, bai damu da masu kallo ba. Shi kuwa gogan ko motsi bai yi ba. Ya ce, "Inna, sannu da zuwa," kai tsaye, yana kallon tsakiyar idonta, ya nuna mata kujerar da ke fuskantarsa. Teburin ɗan ƙarami ne, in ya miƙe ƙafa sai ya taɓa tata.

Inna ta duba ƙasa ko akwai inda mutum zai zauna, babu. Ta ɗosana a bakin kujera a karkace, ta ja mayafi ya rufe gefen fuskarta da ke wajensa. Abokin ya ce shi bari ya koma wancan tebur, a bar mu mu yi maganar gida.

"Zamna," in ji surukin Inna. "Kai ma ɗan gida ne."

Wani mai baƙin kwat ya zo ya rusuna. Surukin bai tambayi kowa abin da yake so ba, ya zuba masa Faransanci, mutumin ya tafi. Aka fara kawo ɗanyen ganye da tumatir da ƙwai, kowa da farantinsa. Inna ta matso da bakinta kunnena.

"Ce mishi mun zo gaishe shi, da ganin yarinya."

Na maimaita.

"Sai an ci," in ji shi. "Ba a magana da yunwa. Bismilla."

Ya ɗauki cokali mai yatsu ya fara ci, a gabanta, yana tauna da ƙarfi. Wannan kaɗai ya isa mari. Mutumin da in ya zo Korgom ko goro ba ya fasawa sai ya tabbata Inna ta shige ɗaka, yau ga shi yana lashe leɓe a gaban hancinta. Abokin yana ta juya ganye a faranti bai kai baki ba. Ni ban taɓa nawa ba. Inna ta kafa wa bango ido.

Da ya gama, mai kwat ya dawo ya tambaya ko a ɗauke, ya gyaɗa masa kai. Mutumin ya jera farantai a hannu, har da na Inna da ba a taɓa ba, ya nufi wata ƙofa. Sai na ji Inna ta sauke numfashi.

"Alhamdu lillahi," ta ce a hankali. "Ba na gaya miki ba? Tashi mu bi shi, ga shi can za shi kai muna namu ɗaka."

Kafin in ankara ta miƙe, ta gyara zane, ta bi bayan mai kwat tsakanin tebura. Na tashi na riƙo hannunta na dawo da ita. Na raɗa mata cewa ba ɗaki za a kai ba, zubarwa za a yi.

"Zubarwa?" in ji ta. "Abincin?"

Surukin ya yi dariya har ya dafe tumbi. Bai tsaya nan ba, sai da ya kira mai kwat ya ba shi labari da Faransanci, yana nuna Inna da cokali, na teburin kusa da mu suna ji. Wata mata mai gashin doki ta juyo ta kalle mu tun daga kai har ƙafa ta rufe baki. Wallahi da harara ake kashe mutum, da ranar na yi kisa.

Aka kawo babban abincin: giwan ruwa gasasshe, da soyayyen dankali, da wata jar miya a gefe. Ƙamshi ya tashi, mu kuwa tun kokon safe ba mu sa komai a ciki ba. Ya ci rabin nasa, sannan ya ajiye cokali ya dubi abokin.

"Ka gani ko? Inna ta ƙi abincina. Can garinsu wanda ya ƙi cin abincinka mi ake ce mishi? Maƙiyi. To mutum shi ƙi abincinka, kuma shi zo roƙonka?"

"Haba Alhaji," in ji abokin. "Ka san ba ƙi ba ne, kunya ce. Tsohuwarka ma haka take da mazan ƙannenka."

"Kunya." Ya goge baki da farin ƙyalle. "Ai na san ta. Ita ta hana matata kuka, ita ta hana uwarta shiga ɗaki. Ina Mayahi da babur, tanki cike da asans, ba wanda ya buga mini waya, sai da anka rufe ta sannan anka tuna da ni. Ni na gama da kunya, c'est fini. Wanda ke son magana da ni shi bar ta waje."

Ba zan ce ƙarya ya faɗa ba. Amma ya zaci shi kaɗai aka yi wa mutuwa? Inna ta san abin da ya faru ranar fiye da shi, ita ta ji shirun ɗakin nan daga tsakar gida, kuma ba ta daina jin sa ba. Raina ya ɓaci, na ce, "Yaya, kai ka yi wata matar. Ita ba ta yi wata ɗiyar hwari ba. Ka ji tsoron Allah."

Inna ta kai hannu ƙarƙashin tebur ta mintsine mini cinya, mintsinin da sai da ya kwanta da jini.

"Matata akwai baki," in ji shi yana murmushi. "Bon. Ni ban tilasta ma kowa ba. In Inna ta ci, sai mu yi maganar yarinya. In ba ta ci, ga direba nan shi maishe ku masauki."

Inna ta ce, "Mi ya ce?"

Ta ji sarai. Amma na maimaita mata, na ƙara da cewa mu tashi mu tafi, Allah yana nan. Ba ta kula ni ba. Ta daɗe tana kallon kogin nan ta gilashi. An ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi, ranar na ga haka da idona.

"Ce a ba ni ruwa in wanke hannu."

Abokin ya ce, "Inna, don Allah." Ba ta juya ba. Aka kawo wani ɗan kwano da yankan lemo yana yawo a ciki, ta wanke hannun dama, ta yi bismilla. Ta gutsuri kifin, ta shigar da hannu ƙarƙashin mayafi, ta kai baki a ɓoye, fuskarta tana bango.

"A'a hwa," in ji shi. "Nan ba zaure ba ne. Ni ban ga an ci ba. Wa ya sani ko cikin zane take zubawa?"

Inna ta tsaya. Sannan ta juyo da kujerarta da kanta, ta fuskanci faranti, ta zame mayafin daga baki. Idonta dai bai ɗago ba.

Ta ci. Haƙoranta na gefe sun zube, da na gaba take tauna, a hankali, muƙamuƙinta yana motsi kowa yana gani. Kifin akwai ƙaya, sai ta sa yatsa ta zaro daga baki, ta rasa inda za ta ajiye, ta tara a tafin hannun hagu. Miya ta gangaro mata a haɓa ta ɗiga a farin mayafin. Loma ta shaƙe ta, ta yi tari, na miƙa mata kofin nan mai dogon wuya, ta kama shi hannu bibiyu kamar ƙwarya, gilashin ya yi maiƙo. Shi kuwa ya tallafe haɓa da hannu ya zuba mata ido, ko ƙiftawa ba ya yi. Ban taɓa ganin mutum yana jin daɗi irin na ranar ba, kuma ban taɓa ƙin ɗan Adam irin yadda na ƙi shi a lokacin ba. Abokin ya sunkuyar da kai, gumi yana tsattsafo masa cikin wannan sanyi.

Da ta kai rabi ta janye hannu. Babba ba ya cinye ƙwarya, yana rage wa na baya, haka ta saba.

"Saura, Inna," in ji shi. "Ba kin ji an ce zubarwa ake yi ba?"

Ta mayar da hannu. Ta cinye kifin, ta cinye dankalin, har ɗan ganyen da aka ɗora don ado ta tauna ta haɗiye. Hawaye ba su zo mata ba, ni suka zo wa, na bar su suna zuba a kan farantina. Da ta gama ta ce, ba tare da ta rage murya ba, "Ce mishi na ci."

Ban maimaita ba, na kasa.

"Wala! Shi ke nan!" in ji shi, har da ɗan tafi. "Ashe ba a mutuwa."

Ya kira mai kwat ya sa a kawo masa kafe. Muka zauna muna jira har aka kawo, ya fasa sukari, ya juya, ya kurɓa, ya ce ya yi zafi, ya hura.

"Bon, maganar yarinya. Tana Kwatano. Lakwal ta kwana na sa ta, tun buɗewar lakwal. Wuri mai kyau, ɗiyan manya ke can. Ba a hitowa sai babban bakans, shi ma nan Yamai za ta yi shi. Korgom kuwa, ta gama da Korgom."

Ya kuwa cika maganarsa, har yau ba ta sake taka garin ba.

Abokin ya ɗago. "Tun buɗewar lakwal? To Alhaji, mi ya sa ka bar tsohuwa ta yi wannan tahiya? Mi ya sa ka sa ta..."

"Cewa na yi za mu yi maganar yarinya. Ga shi muna yi."

Na dubi Inna, ina tsoron kada ta faɗi. Ba ta faɗi ba. Ta ɗago kai ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar da ya fara sallama a gidanmu, ta yi masa magana da bakinta, ba ta bi ta kaina ba.

"Alhaji, na ji. Ɗiyarka ce. Abu guda dai nake roƙo. Tana hitsarin kwance. Ba kullum ba, sai in an yi mata tsawa da rana, ko ta ji tsoro. Ni ke tashe ta in kai ta bayan ɗaki. Don Allah ka aika musu kar su buge ta. Bugu ƙara mata shike yi."

Ko a gidanmu ba kowa ya san wannan ba. Inna da asuba take wanke shimfiɗa ta shanya a ɗaka, in an tambaya ta ce ruwan buta ne ya zube. Asirin ƙawarta ne, ta fito da shi ta ajiye a kan farin ƙyallen nan don ba ta da sauran abin bayarwa.

"Ai na sani," in ji shi. "Katifa nawa ta ɓata mini gida? Madam ta gaji, 'yar aiki ta gaji. Shi ya sa anka kai ta can. Su ba su wasa, akwai bulala, kuma mai hitsari da kanta take ɗauko katifarta da sahe ta shanya gaban kowa. Kahin shekara ta ƙare sun gyara abin da kunka lalata."

Na miƙe har kujera ta faɗi. Na ce masa Allah ya isa, da ƙarfi, da Hausa, yadda duk mai kunne a ɗakin sai da ya ji. Na ce Allah ya nuna masa ranar da zai nemi abu a hannun wanda ya fi shi. Cokula suka tsaya. Wani mai kwat da ya fi na farko girma ya taho yana ta "Madam, madam." Abokin ya tashi ya fice bai yi wa kowa sallama ba. Shi kuwa gogan ya ɗaga kofinsa ya ƙarasa kafensa, ya tambayi mai kwat me suke da shi na zaƙi.

Inna ta miƙe a hankali. Hannun dama a ɗage don kada maiƙo ya taɓa atamfa, na hagu a dunƙule da ƙayar kifi. Ta ce in nuna mata inda za ta wanke hannu. Na ja ta muka ratsa tsakanin tebura, kowa yana kallon jan tabon da ke mayafinta, muka shiga banɗakin mata.

Madubi ne bango guda, ba ta kalle shi ba. Na buɗe mata hannun hagu na kwashe ƙayoyin, wata ta soke ta har ta yi jini. Famfon wurin ba shi da abin murɗawa, in ka kai hannu ƙarƙashinsa da kansa yake zubo ruwa. Da wata rana ce da Inna ta ja da baya tana salati, da mun sami abin dariyar shekara a Korgom. Ranar ko mamaki ba ta yi ba. Ta wanke hannu, ta wanke baki, ta sake wanke hannu. Ta daɗe tana cuɗa yatsunta da babu sauran komai a jikinsu.

"Can Kwatano," ta ce, "Hausa suke ji?"

"A'a, Inna. Lakwal ɗin Faransanci ake yi."

"Ta iya?"

"Kaɗan. Gaisuwa da ƙirga."

"To in hitsari ya matse ta cikin dare, mi za ta ce musu?"

Na buɗe baki in ce za ta koya, yara ba su da wuyar koyo, ni shaida ce. Inna ta riga ni.

"Ba ta cewa ma. Ko ni ba ta taɓa ce ma ba. Juyi kawai take yi, ni ke ji."

Ta mayar da hannunta ƙarƙashin famfon, ruwan ya sake zubowa.